Kan leza a ƙaramin injin sassaƙa: zai mayar da kuɗinsa?

Wani matashi mai shagon allunan suna da kyaututtukan biki a Sakkwato ya aiko da tambaya. Yana da ƙaramin injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) samfurin 3018 da ya saya don sha'awa, yanzu yana so ya ɗaura masa kan leza, wato na'ura mai ƙona abu da tsinin haske, ya riƙa yanka falanki da roba yana sayarwa. Ya ga mai wat 40 a intanet. Ya saya ko kar ya saya?

Ɗan'uwa, mu fara da wat 40 ɗin nan. Sau da yawa wutar da kan ke sha ce ake rubutawa a talla, hasken da ke fita kuwa bai wuce wat 5 ba. Ka tambayi mai sayarwa ƙarfin hasken kansa. Wat 5 zai yanka falanki mai kaurin milimita 3, amma sai ya bi layi ɗaya sau da yawa, gefen ya yi baƙi ƙirin. Roba mai garai-garai kuwa, shuɗin haskensa ratsa ta yake kamar rana ta gilashin taga. Wannan aikin wani nau'in leza ne daban, mai bututun iskar CO2. Ƙarfe, kar ma ka sa rai. Ga shi filin injinka santimita 30 ne da 18, kuma an ƙera shi don ya sassaƙa a hankali, ba ya gudu.

To idan yanka ne burinka, ajiye kuɗinka. Inda na hango maka riba shi ne zane, a kan abin da garinmu ya yi suna da shi: fatar jar akuya. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, kuma irin wannan fata tana karɓar leza da kyau. Sunan ango da amarya ya fito ruwan ƙasa-ƙasa a kan jakar hannu, kai ka ce da alƙalami aka rubuta, sai dai warin ƙonannen gashi da zai cika shagon. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta, hayaƙinta na da illa. Fatar roba ta PVC ta fi muni, domin tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu, ta ci ƙarfen injin. Duk fatar da aka kawo maka, tambayi inda aka jeme ta. Ƙwarya da ludayi ma suna zanuwa, idan ka iya da lanƙwasarsu.

A lissafinka ka haɗa da tabarau na musamman da ya dace da shuɗin haske, da ƙaramin famfon iska mai hura bakin yanka, da fankar fitar da hayaƙi. A manhajojin sarrafa leza, LaserGRBL kyauta ce, LightBurn ta kuɗi. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage wa kan leza kwana, ƙurar hunturu kuma tana dushe gilashinsa, don haka aikin safe da goge gilashi su zama ɗabi'a.

Kafin ka biya ko kobo, zaga wajen dukawa uku ko huɗu ka ji nawa za su biya a zana suna a jaka ɗaya, da guda nawa a mako. Sai ka kwatanta da man janareta na mintunan da zanen zai ci. Idan mutum biyu suka ce za su kawo aiki, sayi mai hasken wat 10.