Amsa: wace ƙirƙirar mutanen Sin na da ce ta fi tasiri?

Malam, ka tambaya a cikin abubuwan da mutanen Sin na da suka ƙirƙiro wanne ya fi canza duniya, ka kuma ce kai albarushi ka zaɓa. Ni kam takarda zan ce.

A shekarar 105 Miladiyya ne Cai Lun, wani ma'aikacin fadar daular Han, ya gabatar wa sarki hanyar yin ta. Ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin komar kamun kifi ake jiƙawa, a kirɓa su har su koma kamar kunu, a tsoma rariya a ɗebo ɗan siriri, a matse, a shanya. Kafin nan a kan tsagin gora suke rubutu, ga nauyi, ko a kan siliki, wanda sai mai hali.

Sana'ar ta isa birnin Samarkand da ke tsakiyar Asiya a ƙarni na 8, sannan Bagadaza wajen 794. Duba yadda littattafan hadisi da fiƙihu da likitanci suka yawaita a zamanin Abbasiyawa; arahar takarda na da hannu sosai a ciki. Tsofaffin rubuce-rubucen malaman Kano da Timbuktu ma a kanta suke.

Albarushin naka kuwa, masu neman maganin tsawon rai ne suka ci karo da shi a zamanin daular Tang. Kada kuma ka manta da allurar maganaɗisu mai nuna kudu da arewa, wadda wani masanin Sin, Shen Kuo, ya bayyana a 1088, daga baya matuƙan jiragen ruwa suka dogara da ita a tsakiyar teku.