Hukuncin Buga Wasan Kwamfuta na Farautar Masu Saɓa wa Aƙidar Coci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne a jami'a, kuma nakan buga wasannin kwamfuta idan an yi hutu. Wani abokina ya tura mini wani wasa mai suna Inquisitor, wanda aka gina a kan wata ƙasa ta almara mai kama da Turai ta zamanin da. A ciki mutum zai zaɓi ya zama limamin coci ko barde ko ɓarawo, sai a ba shi aikin binciko waɗanda ake zargi da kauce wa addini, ya tara hujjoji, ya kama su, ya gana musu azaba har su amsa laifi, sannan a yanke musu hukuncin ƙonawa. Akwai kuma sihiri da shaiɗanu da alamomin addinin Nasara. Wani ɗan'uwa ya ce mini duk wanda ya buga shi ya fita daga Musulunci, wani kuma ya ce wasa ne kawai babu komai. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Abin da ya bayyana gare ni shi ne buga wannan wasa, a siffar da ka bayyana shi, bai halatta ba, kuma ya wajaba ka bar shi. Amma wanda ya ce maka ka kafirta ya yi gaggawa a wurin da ba a gaggawa, kuma maganarsa ba daidai ba ce.

Asalin wasa da nishaɗi a shari'a halacci ne matuƙar bai ƙunshi haram ba kuma bai shagaltar daga wajibi ba. Habashawa sun yi wasa da mashi a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha tana kallo daga bayansa, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ita ma tana da 'yan tsana, a cikinsu har da doki mai fukafukai, Annabi ya gani ya yi dariya bai hana ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Wannan yana nuna cewa almara ita kaɗai ba ta haramta wasa. Ta ɗaya gefen kuma an tsananta a kan wasan nardu, wanda ake yi da jefa ƙwaya irin ta lido, a hadisin da Muslim ya ruwaito, Imamu Malik kuma ya ce a cikin Muwaɗɗa babu alheri a wasan shaɗaranji, wato darar da Turawa ke kira chess, a kan haka Ibn Abi Zaid ya tafi a Risala. Saboda haka ba a yanke wa wasannin kwamfuta hukunci guda a dunƙule. Kowanne ana duba abin da ya ƙunsa da abin da yake sa mai bugawa ya aikata.

Wannan wasa kamfanin Cinemax na Jamhuriyar Cek ne ya fitar da shi a 2009, fassarar Turanci ta biyo baya a 2012. Ƙasar da ke cikinsa ƙirƙirarriya ce, sai dai aikin da ake ɗora wa mai bugawa an ɗauko shi ne daga tarihi na gaskiya, wanda nake so ka san shi, domin yana daga cikin abin da na gina hukunci a kai. A wajajen 1231 Fafaroma Gregori na tara ya fara naɗa alƙalai na musamman don binciken aƙidar mutane, a 1252 kuma Fafaroma Inosent na huɗu ya ba da izinin azabtar da wanda ake tuhuma don ya yi iƙirari. A 1478 sarki Fadinan da sarauniya Isabela suka kafa irin wannan kotu a Sifaniya. Bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wato Sifaniya, a 1492, duk da alkawarin da aka yi wa Musulmi na barin su a kan addininsu, ba a yi shekara goma ba aka fara tilasta musu shiga Kiristanci, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin birnin, a 1502 aka ce Musulmin masarautar Kastila ta Sifaniya su zaɓi tsakanin barin addini da barin ƙasa. Waɗanda suka zauna suka faɗa ƙarƙashin wannan kotu, ana tuhumar mutum don an ga ya ƙi cin naman alade, ko ya yi wanka ranar Juma'a, ko bai ci abinci da rana a watan Ramadan ba. Lamarin ya tsananta har a 1504 wani malamin Malikiyya, Ahmad ibn Abi Jum'a al-Magrawi, ya aika musu fatawa yana ba su rangwamen yin salla da ishara da ɓoye imaninsu a zuci. Tsakanin 1609 da 1614 aka kore su baki ɗaya, kimanin mutum 300,000, kotun kuma ba a rushe ta ba sai 1834. Yahudawa da Kiristocin da suka saɓa wa coci su ma sun sha irin wannan azaba, kuma zalunci zalunci ne ko a kan wa ya faɗa. To rigar da wannan wasa yake sa maka ita ce rigar wanda ya tsaya a kan waɗancan bayin Allah yana tambayarsu, kuma ban ga yadda zuciyar da ta san wannan labari za ta sami hutu a cikinta ba.

Dalili mafi ƙarfi a wurina shi ne azabtarwa da ƙonawa su ne ginshiƙin wasan, da su ake ci gaba, a kansu ake samun lada da ɗaukaka. Muslim ya ruwaito daga Hishamu ɗan Hakim cewa Allah zai azabtar da waɗanda suke azabtar da mutane a duniya. Bukhari ya ruwaito cewa da labari ya kai wa Ibn Abbas cewa Sayyidina Ali ya ƙona wasu zindiƙai, sai ya ce da shi ne ba zai ƙona su ba, saboda Annabi ya hana yin azaba da azabar Allah. Suratul Buruj kuma ta la'anci ma'abota rami, waɗanda suka hura wuta suka zauna a gefenta suna kallon abin da suke yi wa muminai. Na sani babu ran da ke fita a cikin kwamfuta, kuma ba na cewa mai bugawa yana da zunubin wanda ya kashe rai. Abin da nake cewa shi ne mutum ya shafe sa'o'i yana zaɓar azabtarwa da hannunsa, yana jin daɗin nasara duk lokacin da wanda ake tuhuma ya karaya, wannan horo ne ga zuciya a kan son abin da Allah Ya ƙi, alhali mafi ƙarancin imani shi ne ƙin munkari da zuciya. Akwai bambanci tsakanin wanda ya karanta labarin zalunci ko ya kalle shi don ya ɗauki izina, da wanda aka miƙa wa kayan azaba aka ce nasararsa tana cikin amfani da su.

Sai kuma sihiri da alamomin wani addini. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, Bukhari kuma ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa face ya kawar da siffar. Danna maɓalli don wani hoto ya jefa wuta ba shi ne yin sihiri na haƙiƙa ba, don haka ba na ɗora wa mai bugawa hukuncin boka. Amma idan aka haɗa wannan da cewa mutum yana taka rawar mai kare aƙidar da ba tasa ba, yana neman tsari da abin da aka hana shi girmamawa, sai hanin ya ƙara nauyi.

Game da kafirtawa kuwa, malamai sun tabbatar da cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, kuma wanda Musuluncinsa ya tabbata da yaƙini ba a fitar da shi da shakka. Matashin da ya buga wasa zuciyarsa tana kan tauhidi, bai gaskata abin da ke ciki ba, bai furta kalmar kafirci da bakinsa ba, to ya yi kuskure ne da istigfari da bari suke gyarawa. Inda hatsarin yake shi ne idan ya kai ga furta addu'ar shirka da harshensa don raha, ko yi wa Allah da ayoyinsa da manzanninsa izgili, ko jin cewa abin da ake girmamawa a ciki gaskiya ne. Aya ta 65 da ta 66 a Suratut Tauba sun sauka ne a kan mutanen da suka ce hira da wasa kawai suke yi, kuma ba a karɓi wannan uzuri daga gare su ba. Ko a nan ma hukunta wani mutum ayyananne aikin malamai da alƙalai ne bayan tsayar da hujja. Ka isar wa ɗan'uwan nan, cikin ladabi, hadisin da ke Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, to kalmar za ta koma kan ɗayansu.

A nan ina so in ɗan tsaya, domin wannan shi ne abin da ya fi damuna a tambayar taka. Wasan yana koyar da cewa tsaron addini shi ne bin diddigin zukatan mutane, da ɗaukar zato a matsayin hujja, da matsa wa mutum har ya faɗi abin da ake so. Shari'armu ta rufe waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Suratul Hujurat ta hana yawan zato da leƙen asirin mutane. Da Usama ɗan Zaid ya kashe wanda ya faɗi kalmar shahada a fagen yaƙi, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi fatan a ranar ya musulunta. Jumhurun malamai ba sa gina hukunci a kan iƙirarin wanda aka tilasta, Alƙur'ani ma ya ɗauke laifi daga wanda aka tilasta ya furta kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani, a aya ta 106 ta Suratun Nahl. Imamu Malik kansa an yi masa bulala a Madina saboda ya ƙi janye maganarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Adalci ya sa in faɗa cewa mu ma tarihinmu bai kuɓuta daga wannan cuta ba, domin a shekara ta 218 bayan hijira halifa Ma'amun ya buɗe jarrabar malamai a kan maganar halittar Alƙur'ani, aka ɗaure Imamu Ahmad aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, kuma al'umma ta tsaya tare da wanda aka doka, ta ƙi aikin wanda ya yi dukan. A ƙasashenmu a yau kowa ya ga yadda zargi guda a bakin kasuwa ko a kafar sada zumunta yake tara jama'a a kan mutum kafin alƙali ya ji ko kalma ɗaya daga bakinsa, da yadda matasa ke jifan juna da kafirci da bidi'a a kan saɓanin da malamai suka daɗe da yi wa juna uzuri a kai. Matashin da ke rayuwa a cikin wannan yanayi ba ya bukatar ƙarin abin da zai saba masa da farautar masu laifin aƙida.

Wani zai iya cewa masu irin waɗannan wasanni sukan yi su ne don su tona munin abin da coci ta aikata, kuma mutum yana iya koyon tarihi daga ciki. Ban musa cewa wasunsu suna da wannan nufi ba. Sai dai tarihin da aka cakuɗa da shaiɗanu da almara ba a ɗaukar ilimi daga gare shi, musamman da yake a irin wannan labari sau da yawa waɗanda ake farauta sukan fito a matsayin masu bautar shaiɗan na gaske, sai azabar ta zama kamar tana da hujja, alhali a tarihi mafi yawansu raunana ne da aka zalunta. Mai son sanin abin da ya faru ya karanta tarihin Andalus a littattafan da aka rubuta da tantancewa. Wanda kuma aikinsa ya zama nazarin waɗannan wasanni, kamar malamin tarbiyya ko mai bincike ko uban da yake son sanin abin da ɗansa ke bugawa, babu laifi ya duba gwargwadon bukata.

Don haka ka goge shi daga kwamfutarka, kada ka tura wa wani, kada kuma ka sayar, domin Allah Ya hana taimakekeniya a kan saɓo. Abin da ya wuce kafin ka san hukunci babu kaffara a kansa, istigfari ya wadatar, imaninka kuma yana nan in sha Allahu. Sauran wasannin da ba su ƙunshi shirka ko tsiraici ko caca ko zalunci irin wannan ba, kamar na ƙwallo da tsere da gina birane da wasa ƙwaƙwalwa, kana iya buga su da sharaɗin kada su sa ka jinkirta salla daga lokacinta, ko su ci karatunka da haƙƙin iyayenka. Abokinka da ya turo maka kuma ka yi masa bayani a keɓe da tattausan lafazi, domin mafi rinjayen zato shi ma bai san hukuncin ba.

Wallahu a'alam.