Gidan kai da arzikin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sha jin cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikacin masana'anta a Amurka kan mallaki gida da mota da albashinsa shi kaɗai. Daga ina wannan arziki ya zo, kuma kowa ya samu rabonsa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai rabon bai kai ga kowa ba.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, masana'antun Jamus da Japan sun zama kufai, na Amurka kuwa ko ƙwarzane ba su yi ba. Ga kuma kuɗi a hannun jama'a, domin lokacin yaƙi akwai aiki amma babu abin saye. Tun 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula. Yaƙi na lafawa mutane suka yi wa kasuwa caa.

Sai dai ni a ganina hannun gwamnati ne ya fi tasiri. A 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar tallafa wa sojojin da suka dawo, wadda ake kira GI Bill. Ta biya musu kuɗin karatu, har fiye da miliyan 2 suka shiga jami'a, sannan gwamnati ta tsaya musu a banki su ci bashin gida, sau da yawa ba tare da sun ajiye ko sisi ba.

Dubi Levittown a Long Island, kusa da birnin New York. A 1947 kamfanin iyalan Levitt ya fara gini a gonakin dankali. Kowane rukunin ma'aikata da aikinsa guda: waɗannan su zuba daɓe, waɗancan su kafa katako, wasu fenti kawai, suna gama gida su matsa na gaba. Har gida 30 sukan kammala a rana, kuma zuwa 1951 sun gina sama da 17,000. Gida ɗaya wajen dala 8,000, da firji da murhu da injin wanki a ciki. Saurayin da ke raɓe da matarsa a gidan surukai sai ga shi da nasa makullin.

Daga nan komai ya bi baya. Wanda ya tare a bayan gari dole ya nemi mota, kuma a 1956 Shugaba Eisenhower ya amince da gina manyan tituna mil 41,000. Talabijin, da bai kai gida ɗaya cikin goma ba a 1950, ya shiga kusan tara cikin goma zuwa 1960. Haihuwa ma ta yi yawa: jarirai kimanin miliyan 76 daga 1946 zuwa 1964. Mata da dama da suka yi aikin masana'anta lokacin yaƙi an sallame su don maza su karɓa. Masu gidan kansu suka tashi daga kashi 44 cikin ɗari a 1940 zuwa kashi 62 a 1960.

Ga inda abin ke min ciwo. A takardar shiga gidajen Levittown an rubuta ƙarara cewa farar fata kaɗai za su zauna. Baƙin sojan da ya yi yaƙi ɗaya da su, doka ta ba shi haƙƙi a takarda, amma banki ke ba da bashin, kuma banki ya ƙi. A jihar Mississippi a 1947, cikin lamuni sama da 3,000 da hukumar tsofaffin sojoji ta tsaya wa, biyu kacal suka je ga baƙaƙe. Hukumar gidaje ta tarayya ma ƙin tsaya wa bashi take yi a unguwannin baƙar fata.

Sai a 1968 aka kafa dokar hana wariya a sayar da gida, lokacin farashi ya riga ya tashi. Gidan dala 8,000 na Levittown yau ɗaruruwan dubban daloli ake sayar da shi, kuma 'ya'ya da jikokin waɗanda aka bari suka saya ne suka ci gādon.