Na tarar da fasasshen kwalba cikin abincin da na saya a supermarshe, mi doka ta ce?

Ga saƙon da wata baiwar Allah ta aiko mini daga nan Yamai, na taƙaita shi kaɗan:

"Salamu alaikum Metir. Ni uwar ƴaƴa ce, ina zaune Bukoki. Ran Asabar na sayi shokolar nan ta shafa wa burodi a wani babban supermarshe, jikka 2 da rabi. Ran Litinin da safe na shafa wa yarona ɗan shekara 6 zai tafi lakwal, yana cizo sai ya yi ihu, ga jini a baki, muka duba sai ga guntun kwalba kamar ƙwayar shinkafa biyu ya yanke shi a dasashi. Mun kai shi likita an wanke an rubuta magani. Na koma kantin, jeran ɗin ya ba ni haƙuri ya ce in kawo kwalbar da guntun ya canza mini wata, har da ƙarin kaya. Maigida ya ce a bar wa Allah tunda abin ya zo da sauƙi, ƙanena kuma ya ce in ɗauki bidiyo in sa a Facebook da TikTok da sunan kantin. Tike yana hannuna. Mi ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya, ya tsare gaba. Kafin mu taɓa maganar doka, idan akwai shakkar ya haɗiye wani guntun, ki sa ido a kansa, ciwon ciki ko amai ko jini a bayan gida ko bayan gidan ya yi baƙi, kar a jira safiya, a koma wajen lokotoro.

To yanzu abu na farko, kuma wallahi shi ne ya fi duk abin da zan faɗa a ƙasa muhimmanci: kar ki ba su kwalbar nan, kar ki ba su guntun. Ba wai ina cewa jeran ɗin mugu ba ne, ƙila da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ranar da abin nan ya fita daga hannunki to maganarki ta zama labarin baki. Aya ta 1315 ta kod sibil, wato kundin dokokin farar hula, ta ce wanda ya zo yana neman haƙƙi shi ne zai kawo hujja, ke nan ba kantin ne zai nuna ba shi da laifi ba, ke ce za ki nuna cewa a wajensu kika saya, guntun yana ciki tun kafin ki buɗe, kuma shi ne ya ji wa yaro ciwo. Na taɓa ganin wani magidanci da ya tarar da ƙusa cikin abinci, cikin fushi ya je ya dangwarar da kayan gaba ɗaya a kan teburin kes ya tafi, bayan sati biyu ya zo ofishina yana son a yi ƙara, na ce ina ƙusar, ya ce tana wajensu. Da muka tambaya aka ce mai shara ta kwashe. Nan maganar ta mutu.

Ki sa guntun cikin ƴar leda mai tsabta, kar ki wanke shi, ki rufe kwalbar da sauran shokolar da ke ciki yadda take ki ajiye a inda yara ba za su kai ba. Ki ɗauki hoto da waya, guntun kusa da tsabar dala biyar don a ga girmansa, da murfin, da takardar jikin kwalbar inda aka rubuta ranar lalacewa da lambar da ake ce wa nimero na lo, ita ce ke nuna rukunin da aka yi tare a masana'anta. Sannan ki ɗauki bakin kwalbar da kyau ta ko'ina, ki zagaya shi. Dalili kuwa, abin da lauyansu zai fara cewa shi ne ai ke kika ɓantare bakin da wuƙa ko cokali garin ɗiba. Idan bakin lafiya lau yake babu inda ya ɓantare, kin toshe wannan ƙofar. Tiken nan kuma ki yi masa fotokofi yau ɗin nan, irin takardar nan ta kes ce da rubutun ke gogewa, da zafin Yamai wata ɗaya ya isa ki ga farar takarda.

Ki koma wajen lokotoron da ya duba yaron ki ce kina son sartifika medikal, ya rubuta ranar, irin raunin, inda yake, da kwanakin jinya. Ordonansi da rasit na farmasi duk ki haɗa, har kuɗin taksi ki rubuta. In kina da hali ki kira wisiye, ma'aikacin shari'a mai hatimin hukuma, ya zo ya yi konsta, wato ya duba da idonsa ya rubuta abin da ya gani ya sa hatimi. Ana biya, ki tambayi farashi kafin ya fito, amma takardar wisiye alƙali ba ya ɗaukarta kamar hoton waya.

Sai maganar haƙƙinki. Mutane da yawa a nan suna zaton in an rubuta a bango ko a ƙasan tike cewa kayan da aka saya ba a maidowa to shi ke nan. A'a. Kod sibil da muke aiki da shi, aya ta 1641, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, aibin da mai saye ba zai iya gani ba lokacin saye kuma ya hana a yi amfani da abin yadda aka saye shi don shi. Gilashi a tsakiyar shokola cikin rufaffiyar kwalba, babu ɓoyayyen aibin da ya wuce wannan. Aya ta 1644 ta ba ki zaɓi, ko ki maida kaya a ba ki kuɗinki, ko ki riƙe a rage miki. Ta 1645 ta ƙara da cewa in mai sayarwa ya san da aibin sai ya biya har da diyyar duk ɓarnar da ta biyo baya, kuma wanda sayar da kayan abinci ce sana'arsa ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kamata ya sani, ba kamar maƙwabciyar da ta sayar miki da rarar kayanta ba. Ga kuma aya ta 1382 da 1383, duk wanda ya jawo wa wani cuta da laifinsa ko da sakacinsa sai ya gyara, ta nan ake bi a kai ga masana'anta ko wanda ya shigo da kayan. A kan wannan duka akwai doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayu 2015 wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kare masu saye a Nijar, kuma kare lafiyar mai saye yana cikin ginshiƙanta.

Za su ce miki ai ba mu muka yi ba, a rufe ta zo mana daga waje. Gaskiya ne a rufe ta zo, amma ke ba ki san masana'antar ba, ba ki ba ta ko dala ba, da kantin kika yi ciniki. Ki nemi haƙƙinki a wajensu, su kuma doka ta ba su hanyar jawo dilan da ya kawo musu kayan cikin shari'ar ya ɗauki nauyinsa, wannan tsakaninsu ne. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne lokaci, aya ta 1648 ta ce ƙarar ɓoyayyen aibi a yi ta cikin ɗan gajeren lokaci, ba a bari sai bayan salla sai bayan damina.

Maganar ƙanenki. Na san zafin zuciya ne, wa zai ga jini a bakin ɗan ƴar uwarsa ya yi shiru. Amma don Allah Hajiya ki riƙe shi. Muna da doka mai lamba 2019-33 ta Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet, a 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna, sai kuma a watan Yuni 2024 aka maido da shi, yanzu ɓata suna ta waya ko intanet yana iya kai mutum kaso shekara 1 zuwa 3 ga tara ta miliyoyin sefa. Ki yi tunani, kina da gaskiya, ɗanki ne ya ji ciwo, sai a wayi gari ke ce ake kira komisariya kina bayani don kin rubuta cewa kantin kaza suna sayar da guba. Kuma voys ɗin da kika tura a gurup ɗin WhatsApp na mata ma yana ciki, in ya fita ba ki da ikon tsayar da shi, wata za ta ƙara gishiri ta ce yaro ya rasu. Bayan haka bidiyon yana ɓata miki ciniki, kantin da ke tsoron sunansa ya fita shi ne ke saurin zama a sasanta, in kin riga kin fitar to mi ya rage da zai ji tsoro.

Maigida kuma ban ce bai yi gaskiya ba, haƙuri abu ne mai kyau, in kun yafe kuɗin wannan naku ne babu mai tilasta muku. Sai dai akwai abin da ba naku ba ne ku yafe. Kwalbar nan ba ita kaɗai aka yi ba, in gilashi ya fashe a layin da ake zubawa a masana'anta ba kwalba ɗaya yake faɗawa ba, sauran masu lamba iri ɗaya suna nan jere a kan kanta, wata uwa za ta saya gobe ta shafa wa ɗan shekara 2 da bai iya tofarwa ba. Shi ya sa ko kun sasanta ko ba ku sasanta ba ina roƙonku ku kai rahoto. Ku je wajen polis saniter, ma'aikatan tsabta da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, tun dokar tsabtar jama'a ta 1993 suke da hurumin shiga inda ake sayar da abinci su duba, ko sashen tsabta na meri ɗin da kantin yake. Ku rubuta wa ma'aikatar kasuwanci ma. Su ne ke iya ɗaukar samfur su kai LANSPEX, ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke nan Yamai, su kuma sa a janye kayan. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC Wadata suna karɓar irin wannan koke kuma muryarsu ta fi ta mutum ɗaya. In hukuma ta ce ki ba da guntun ki ba da, amma a ba ki takardar karɓa mai sa hannu da hatimi da kwanan wata.

Game da kantin, ga yadda zan yi da ni ce ke. Ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban kamfanin, ba jeran na kes ba, gajera, babu zagi: ranar saye, sunan kayan, nimero na lo, abin da ya faru, kuɗin da kuka kashe, abin da kuke nema, da wa'adi kamar kwana 8 ko 15, kuma ki nemi su cire sauran daga kanta. Ki haɗa fotokofi kawai, na asali su zauna gida. Ki kai kofi biyu su sa hatimin karɓa a ɗaya ki dawo da shi, in sun ƙi karɓa wisiye ya kai musu. Wannan ita muke ce wa mizandemer. Manyan kantuna da yawa suna da asiransi don irin wannan, wasiƙa a rubuce ita ke sa a buɗe dosiye, surutu a bakin kes ba ya buɗe komai.

In sun kira ku sasanci ku je, ke da maigida, ku saurara. Amma ki karanta kafin ki sa hannu, in faransancin ya yi nauyi ki ce za ki tafi da ita gida a duba miki, ba abin kunya ba ne. Takardar sasanci a doka, aya ta 2044 da 2052, ƙarfinta kamar hukuncin kotu ne tsakaninku, in an rubuta kun janye duk wata ƙara to ko bayan wata guda haƙorin yaro ya fara matsala ba ku da bakin magana. Don haka kar ku rufe sai lokotoro ya ce ya warke sarai. Kuma duk takardar da ta ce ba za ku gaya wa hukuma ba, kar ku yarda da ita.

Kotu fa? Hanya biyu ce. Kina iya kai ƙara komisariya ko wajen furokire, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, a kan raunata mutum ba da gangan ba, ta sakaci, ku shiga a matsayin masu neman diyya, ko kuma ku yi ƙarar diyya kai tsaye a gaban alƙalin farar hula, kuma tunda yaro ƙarami ne mahaifinsa ne zai tsaya da sunansa. Amma zan gaya miki tsakani da Allah, yadda kika kwatanta raunin, yanka a dasashi da aka wanke aka rubuta wa magani, abin da za ki kashe na wisiye da lauya da zirga-zirga da ɗage zama yana iya fin abin da alƙali zai yanke miki. Ni a nan sasanci na fi so miki, a biya kuɗin kaya da na magani da wani abu na wahalar da yaro ya sha. In kuma suka raina ku, ko daga baya aka ga raunin ya fi haka, haƙori ya taɓu ko ya haɗiye wani abu, to lissafi ya canza, ku zo da dosiyen a shigar. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya akwai ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar 2011, tana da ofis a manyan kotuna, bayani kyauta ne.

Ki fara da fotokofin tiken da sartifikar lokotoro gobe da safe, wasiƙar kuma in kin rubuta ki turo mini in duba kafin ki kai. A gaida maigida, a shafa mini kan yaro.