Tambaya da Amsa: Daga Ina Kalmar "Monstrosity" Ta Fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun lafiyar dabbobi. A ƙauyenmu wata akuya ta haifi ɗa mai kai biyu, da na duba littafi sai na ga an kira irinsa "monstrosity". Ashe ba dodo kalmar take nufi ba? Mai karatu daga Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ma'anar dodo daga baya ta zo. Tushen kalmar "monstrum" ce ta Latin, harshen Rumawan dā, ita kuma daga "monere", wato yin gargaɗi. Rumawan dā in aka haifi maraƙi mai kai biyu, ɗauka suke gumakansu ne ke jan kunne, har a kai magana majalisar dattawa a yi yanka. Ta hanyar Faransanci "monster" ta shiga Ingilishi wajen 1300, "monstrosity" kuwa sai ƙarni na 16. Yau ko mummunan gini Bature ya gani yakan faɗe ta.

A littafinku ba zagi ba ce, sunan ɗan tayin da halittarsa ta karkace sosai ne. Amma kul ka kira jaririn mutum da ita. Likitoci sun daɗe da barinta.

Shi mai kai biyu, tagwayen ƙwai ɗaya ne da rabuwarsu ta tsaya a hanya tun farkon ciki. Babu hannun aljanu. Abin da ya fi kamata makiyayi ya kiyaye shi ne maganin tsutsar ciki albendazole, domin yana iya jawo tawayar halitta. Ba a ba tunkiya ko akuya a kwana 30 na farkon ciki, saniya kuwa kwana 45. Matsalar ita ce a karkara bunsuru na yawo cikin awaki, ba wanda ya riƙe ranar barbara, don haka a tambayi malamin dabbobi kafin a ɗura.

In akuya ta yi rabin awa tana yunƙurin haihuwa ba ci gaba, wanke hannu da sabulu ka laluba a hankali. Ka ji kai biyu? Kada ka yanke hukunci, sau da yawa tagwaye ne lafiyayyu suka taho tare. Bi kowane wuya da yatsa. In sun haɗu a jiki ɗaya kada ka ja, mahaifa za ta yage. Wannan aikin likita ne, sai tiyata.