Yadda za ka gane irin tsohon dutsen wasa wuƙa

Malam, game da dutsen da ka ce ka gada a cikin akwatin katako, wanda ya yi baƙi ƙirin har kana tambayar ko wane iri ne, shawarata ita ce kada ka yanke hukunci da wannan launi, domin yawanci tsohon mai ne da garin ƙarfe suka daskare a kansa. Ka fara wanke shi da kananzir, sannan ka goge fuska ɗaya da samfefa har ainihin jikinsa ya bayyana.

Idan ka ga gefe ɗaya rawaya ne, ɗayan kuma shuɗi mai ratsin ja, mai yiwuwa dutsen Beljiyam ne da ake kira Coticule, kuma da ruwa ake wasa wuƙa a kansa. Idan fari ne ko ruwan toka, mai tsananin tauri da santsi, har hasken tocila yana ratsa bakinsa, to ya fi kama da dutsen Arkansas na Amurka, wanda aka saba sa wa mai. Mai kaushi kuwa, wanda ƙwayoyinsa suke bai ɗaya suna ƙyalli, ƙirar masana'anta ne irin su Carborundum, wanda Edward Acheson ya gano a 1891. Don Allah ka adana akwatin, domin sau da yawa tambarin kamfani yana jikin murfinsa.