Jitata tana ƙugi a wurin biki: wane fikof zan saya, kuma yaya ake haɗa shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Na koyi kaɗa jita a wurin wasu 'yan Nijar da ke zuwa cin kasuwa, yanzu kuma ana ɗan kirana bukukuwa. Jitata ta hannu ce, irin mai fikof uku. Da an tayar da janareta sai ta kama ƙugi, fikof na kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, kuma yana da tsini har ya soki kunne. Wani ya ce in nemi irin fikof ɗin da ake kira hambaka, mai lamba 16, wai shi ne mafi ƙarfi. Shi zan saya? Kuma mai gyaran rediyon garinmu zai iya sa min?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna, don akwai gwajin da za ka yi yau da yamma ba tare da kashe ko kwabo ba, kuma shi zai nuna mana ko fikof ne ke da laifi.

Fikof shi ne kunnen jita. A cikinsa akwai maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantakar gashin kai, naɗi wajen dubu 8 a irin naka. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce wannan kunne ba ya tantancewa. Yadda yake jin tsirkiya, haka yake jin janareta da taransifoma da wayoyin wuta, waɗanda a Najeriya ke bugawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan bugun shi ne ƙugin da ke damunka.

Ka kunna kayan kamar yadda kake yi a biki, ka mayar da maɓallin ƙarar jitar sifiri. In ƙugin bai tafi ba, jitarka ba ta da laifi. Ka binciki igiyar da ta haɗa ta da amfilifaya, ko amfilifayar kanta. In ya tafi, ka buɗe ƙarar ka dafa tsirkiyoyi da tafin hannu. Raguwar ƙugi a nan alama ce mai kyau. In bai canza ko kaɗan ba, to wayar at, wato wayar ƙasa (earth), da ke tafiya zuwa jaki ta tsinke, kuma darma ɗigo ɗaya za ta gyara ta. In kuwa ƙaruwa ya yi, wani ya taɓa juya wayoyi biyu na soket ɗin da ake soka igiya a jikin jitar, ya sa kowace a gurbin 'yar'uwarta. Daga nan ka rataya jitar ka juya jikinka a hankali, gabas zuwa kudu zuwa yamma. In ƙugin na tashi yana sauka da juyawarka, fikof ne ke ɗauko shi daga iska, kuma a nan ne maganar canji ta shigo. Kafin nan ma, a nesanta janareta daga inda kake tsayawa iya tsawon waya.

Wani abu da ba na wasa da shi: in ka taɓa jin wuta ta ɗan ja ka a tsirkiya, ko a leɓe lokacin da ka kusanci makirfo, ka ajiye jitar nan take. Tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amfilifaya, saboda haka laifin wutar amfilifaya a hannunka zai sauka. A kai ta wurin mai gyara kafin wani biki.

Sai maganar lamba 16. Lambar nan kilo-om ce, wato yadda wayar naɗin ke turjiya ga wuta, kuma da mita ake auna ta. Tana nuna tsawon waya da sirantakarta, ba ta auna daɗin sauti. Fikof mai naɗi ɗaya irin na Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954 kuma ita taka ta kwaikwaya, yana zama wajen kilo-om 6. Hambaka na asali, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, yana kaiwa 8 ko kusa da haka. Mai 16 an yi shi ne don masu kiɗan rok mai nauyi, waɗanda ke son sautin ya dagule ya yi kauri. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi, amma yana cinye siririn saman sauti. Kai kuwa kiɗan da ka koya, irin na mutanen Agadas, rayuwarsa tana cikin wannan saman: yatsu na gudu a kan tsirkiya, kowace ƙwayar sauti na fita daban kamar ta gurmi. Ka sa mai 16, sai ka ji kamar an rufa wa lasifika bargo. Ban ba ka shawarar sayensa ba. Ƙari a kan haka, cikakken hambaka ya ninka naka faɗi, ba zai shiga ramin ba sai an yanka farantin gaban jitar, wani lokaci har da katakon.

Dabarar hambaka dai tana da kyau ƙwarai. Naɗi biyu ne a jere, an juya tafiyar wutar ɗaya da fuskar maganaɗisunsa, sai ƙugin da wannan ya ɗauko ya kashe na wancan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya ƙaru. Akwai wanda aka matse shi ya zama daidai girman naka, za ka gane shi da siraran ƙarafa biyu a samansa kamar reza. In lallai sai ka sayi abu, wannan za ka sa a gurbin jaki kaɗai, ka nemi mai matsakaicin ƙarfi. Kada lambarsa ta ruɗe ka, wayarsa ta fi siranta, shi ya sa yake nuna adadi mai yawa ko da sautinsa bai yi kauri ba.

Fikof na kusa da wuyan jitar da na tsakiya fa? Ka kwance farantin ka leƙa bayansu. In ka ga baƙin sandan maganaɗisu an manna a ƙasa, siramik ne, irin da aka fi sa wa jita mai araha, kuma sau da yawa sautinsa na da kaifi. In ƙusoshin shida su ne maganaɗisun da kansu, ba komai a ƙasa, to alniko ne, gamin alminiyam da nikel da kobal da ƙarfe. Alniko 5 yana da haske da ƙarfi, alniko 2 ya fi laushi. Ga kiɗanka na fi son 5. In za ka sayi saiti, ka tabbatar na tsakiya juyayye ne, wato an juya naɗinsa da fuskar maganaɗisunsa. Gwajin mai sauƙi ne: ka kifa fuskarsa a kan ta na wuya, in sun jawo juna to juyayye ne, in sun ture juna iri ɗaya ne. Da juyayye, matsayi na 2 da na 4 a makunnin da ke zaɓen fikof suna zama kamar hambaka, ƙugi ya ɗauke. Masu kiɗa da yawa a wurin janareta a waɗannan matsayi biyu suke kwana.

Tsinin da ka ce yana sukar kunne kuwa, ina zargin ba sai an sayi fikof ba. Ka duba bayan maɓallan, akwai lamba a buge. Fikof mai naɗi ɗaya da maɓalli mai lamba 250k yake tafiya, hambaka da mai 500k. Jitoci masu araha kan zo da 500k a kan mai naɗi ɗaya, abin da ke ƙara kaifi ke nan. Sannan a tsohon tsarin Stratocaster, maɓallan laushin sauti biyu na wuya ne da na tsakiya, na jaki ba shi da ko ɗaya. Guntuwar waya da za ta haɗa ƙafar na jaki da ƙafar maɓallin laushi na biyu a jikin makunni ta isa ta ba ka ikon rage tsinin. Kafasito, wato ɗan kayan da ke liƙe a jikin maɓallin laushi, mai lamba 0.047 aka saba sa wa irin naka, 0.022 kuma ga hambaka. Na sha ganin wannan ɗan aikin ya hana mutum sayen abin da ya zo saya.

Wurin saye, ko Sabon Gari a Kano ne ko aike daga Alaba ta Legas, jabu sun yi yawa, da sunayen manyan kamfanoni a jiki. Ka tafi da mita ko ka sa a auna a gabanka. In allo bai nuna komai ba, naɗin ya tsinke a ciki.

Mai gyaran rediyo zai iya aikin, in ka tsaya a kansa da sharuɗɗa. Kafin ya cire waya ko ɗaya, ka ɗauki hoton komai da wayarka ta hannu. Ya yi amfani da ƙarfen darma na lantarki mai wat 30 zuwa 40, kada ya kusanto da wanda ake gasawa a gawayi, domin zafinsa na ƙona cikin maɓalli. Darmar ta zama ta kayan lantarki mai ƙaro a ciki. Ruwan asid na masu liƙin kwano da lagireto yana cin waya a hankali. Ya kankare bayan maɓallin ya yi haske, ya shafa darma a kansa da kan wayar daban-daban, sannan ya haɗa su cikin 'yan daƙiƙu. Liƙi mai kyau yana sheƙi, wanda ya yi dusu-dusu kamar ƙwallo a sake shi.

Mai naɗi ɗaya waya biyu gare shi, yawanci fara zuwa makunni, baƙa zuwa bayan maɓallin ƙara. Hambaka kan zo da huɗu da wata tsirara, kuma a nan ake yawan kuskure, don kowane kamfani da launinsa. A Seymour Duncan baƙa ce ke zuwa makunni, a haɗa ja da fara a naɗe su da salatif, kore da tsirara su tafi at. A DiMarzio ja ce ke zuwa makunni, baƙa da fara ake haɗewa. In babu takarda a kwalin, mita za ta nuna waɗanne biyu ne naɗi ɗaya. Wayar da ta fito daga cikin fikof kuma ba a jan ta, in siririyar ciki ta tsinke shi ke nan.

Tunda an buɗe, a shimfiɗa tef na jan ƙarfe ko takardar alminiyam a cikin ramin da bayan farantin, a tabbatar ta taɓa at, kuma ba ta taɓa ƙafafun makunni ba. Tana rage tsartsar fitilu da cajar waya, amma ba ta kashe ƙugin janareta gaba ɗaya.

Kafin a ɗaura tsirkiya, a soka jitar a amfilifaya, a ƙwanƙwasa kowane fikof da bakin sukudireba a kowane matsayi na makunni. Bayan an ɗaura, in sabon da na tsakiya tare suka ba da sauti siriri kamar mai magana ta hanci, sun saɓa wa juna ne. A musanya wayar makunni da ta at na sabon, a bar tsirarar inda take.

Abu na ƙarshe shi ne tsayi. Ka danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jitar, ka bar tazarar milimita 2 zuwa 2.5 tsakaninta da kan fikof, wato kaurin katin ATM uku a haɗe, ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri ya ɗan fi nisa. In ya matso da yawa, maganaɗisu na jan tsirkiya, sautin ya riƙa rawa ya mutu da wuri. Ka yi wannan saitin da sababbin tsirkiyoyi, don waɗanda suka sha gumi da damina sun yi tsatsa ba za su gaya maka gaskiyar fikof ba. Ka yi gwajin farko, ka rubuto min abin da ka ji da lambar da ka gani a bayan maɓallan.